Gadar Bayan Gidanmu

A bayan gidanmu da ke gefen Samaru akwai wani ɗan rafi da ke gangarawa ya faɗa Kubanni. Da rani ba ka ganin komai a cikinsa sai yashi da ledoji, har yara kan buga ƙwallo a tsakiyarsa. Amma da zarar watan Agusta ya kama, sai ya cika ya tumbatsa, ya raba mu da makarantar firamare da injin niƙa da ke ƙetare. Shekara da shekaru dabararmu ɗaya ce: mu gitta katako biyu, ruwa ya yi awon gaba da su, mu sake gittawa. A daminar bara waccan, ɗiyata mai shekara takwas ta zame a kan katakon tana dawowa daga makaranta. Allah ya sa wani makiyayi yana kusa, ya cafko ta. Jakar littattafanta kuwa har yau ba mu sake ganinta ba.

Da wannan tabo a zuciya na tafi Ingila bayan 'yan watanni, domin halartar taron ƙara wa juna sani a Jami'ar Kambirij. Wata yamma da muka tashi daga zama, na tsaya a bakin Kogin Cam ina kallon wata ƙaramar gadar katako da ta haɗa ɓangarori biyu na Kwalejin Queens'. Ana kiranta Gadar Lissafi. William Etheridge ne ya zana ta, James Essex ya gina ta a 1749, aka sake gina ta a 1866 da kuma 1905 bisa fasalinta na asali. Masu yawo da baƙi a kwale-kwale sukan ce Isaac Newton ne ya haɗa ta ba tare da ƙusa ko ɗaya ba, alhali kuwa Newton ya rasu tun 1727, shekara 22 kafin a kafa ta.

Abin da ya tsayar da ni shi ne, daga nesa gadar tana da lanƙwasa kamar baka, amma da ka matsa sai ka ga babu lanƙwasasshen katako a ƙirarta. Miƙaƙƙun katakai ne aka jera, kowane ya ɗan karkata daga na gabansa, aka ɗaure su da wasu a tsaye, har suka haifar da baka. Nan take na tuna da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Ai bakan gizon da ke riƙe da rufinsa ma haka yake: gajerun azarori na giginya, miƙaƙƙu, aka ɗora wannan kan wancan, aka ɗaure da igiya, aka yaɓe da ƙasa. Kunya ta kama ni. Na sha yin salla a ƙarƙashin wannan hikima, amma sai da na ƙetare teku kafin idona ya buɗe.

Da na dawo gida, na nemi wani dattijon magini a unguwarmu, na nuna masa hoton gadar a wayata. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi murmushi ya ce, “Malam, ai wannan bakan gizo ne aka cire wa riga.” Na ce, “Baba, za mu iya yin irinta a bayan gida?” Ya ce in dai ƙafafunta sun zauna daram, sauran mai sauƙi ne.

Gaskiya ya faɗa. Baka ba ya danna nauyinsa a tsakiya, tura shi yake yi zuwa gefe biyu, don haka muka fara da haƙa tushe mai zurfi a kowace gaɓa, muka cika da duwatsu da siminti. Kafinta ya yanka katakon maɗaci gajeru-gajeru, muka haɗa su da noti suka zama haƙarƙari biyu, muka shimfiɗa katakon takawa a kai, muka kafa abin dafawa, muka shafe komai da baƙin mai saboda gara. Dattijon ya hana mu ɗaga tsakiyarta da yawa, domin tsofaffi da mata masu kaya a ka su iya hawa ba wahala. Duk da haka tudun ya isa ambaliya ta wuce ta ƙasa da tarkacen da takan kwaso, wanda shi ne yake tunkuɗe katakonmu na da. Maƙwabta suka yi karo-karo, samari suka yi gayya, cikin Asabar uku aiki ya kammala.

Mu malaman jami'a mun iya rubuta maƙala a kan ilimin gargajiya, amma da wuya mu durƙusa gaban mai shi mu yi tambaya. Maginan da suka gaji Babban Gwani suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ilimin kuma yana bin su kabari. Ya kamata ɗalibanmu na fannin gine-gine su zauna da su tun da sauran lokaci.

Gadarmu ta ga damina guda, ba ta motsa ba. Kowace safiya nakan tsaya a ƙofar baya in ga ɗiyata ta hau tudun, ta sauka a ƙetare, sannan in kama hanyar aiki.