Bijimin Baba da Takardar Ejan

Rubutuna na wannan mako a kan ƙanena ne, da wani kuskure da na yi da sunan ni ne ɗan bokon gida.

Mu mutanen Dirin Daji ne, a ƙaramar hukumar Sakaba ta masarautar Zuru. Duk wanda ya tashi a garinmu ya saba ganin manyan motoci suna ɗaukar dawa da masara su bi ta Rijau zuwa Kontagora, daga can su nausa Kudu. Tun ƙanena yana ƙarami ba shi da buri sai tuƙin tirela. Da matsalar tsaro ta hana mu zuwa gonarmu ta nesa, sai Baba ya ce gara a sayar da bijimin huɗa guda ɗaya a kai yaron makarantar koyon tuƙi, ko Allah zai sa abincinsa yana can.

A lokacin ne wani ejan ya ɓullo ta hannun abokin ƙanena. Mutum ne mai tsafta da daɗin baki. Ya ce wani babban kamfani yake nema wa direbobi, amma kamfanin ba ya ɗaukar kowa sai wanda ya fito daga wata makaranta guda da ya ambata. Wata uku kacal, in ji shi, sai lasisi, sai aiki, sai albashi. Ya miƙo takarda mai sheƙi da hoton tireloli a jere. Ni aka ba na karanta wa Baba. Turancin ya burge ni, na ce ai wannan babu tantama. A ranar muka tura naira dubu 40 kafin alƙalami.

Da daddare muka je gaida Kawu, wanda ya shekara fiye da 20 yana jigilar shanu zuwa Legas kafin idonsa ya yi rauni. Bai iya karatun boko ba. Ya jujjuya takardar ya aje, sannan ya dube ni.

"Ɗana, shi wannan mutumin wa ke biyansa?"

Na ce kamfani mana, Kawu.

"To in kamfani ke biyansa, me ya dame shi da makarantar da yaro zai shiga? Ka je ka ƙirga motocinsu, ka ƙirga ɗalibansu, ka tambayi yaro ɗaya sau nawa ya riƙe sitiyari a makon nan."

Gani ya kori ji. Na kashe kuɗin mota na je. Tirela ɗaya na tarar, ita ma babu batir, ɗalibai kusan 30 suna zaune a inuwarta. Wani ya ce min watansa biyu, sau huɗu ya taɓa giya, bai taɓa yin ribas da bodi a baya ba. Shi ne ya raɗa min cewa ana ba ejan la'ada a kan kowane yaro da ya kawo. Aikin kuwa, har ranar bai ga wanda aka ɗauka ba.

Daga nan na wuce ofishin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC. A can na fahimci abin da ya kamata na sani tun farko: hukumar tana tantance makarantun tuƙi, kuma sai da shaidar makarantar da ta amince da ita ake neman sabon lasisi. Ana kuma bi ta gwajin jami'an VIO. Lasisin ma aji-aji ne. Na tirela shi ne ajin G, na ƙaramar mota ba ya wadatarwa. Da aka duba, babu sunan makarantar ejan a jerin.

Dubu 40 ɗin nan ba ta dawo ba. Ranar da na faɗa wa Baba, bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Allah ya tsare sauran." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Da sauran kuɗin muka kai yaron wata makaranta da ke cikin jerin, bayan mun je da Kawu ya sa an tada motar a gabansa, ya saurari ƙarar injin, ya taka birki da ƙafarsa. Ya kuma dage cewa takarda kaɗai ba ta yin direba. Ya haɗa shi da wani tsohon yaronsa, inda ya zama yaron mota, abin da wasu ke kira karen mota da raini. A can ya koyi ɗaure kaya, duba iskar birki kafin a tashi, sauka gangare da ƙaramar giya, da sanin lokacin da barci ya fi ƙarfin goro.

Yanzu shekararsa ɗaya da rabi a hanya. Maigidansa ya fara sakar masa sitiyari da rana. Bijimin Baba bai dawo turke ba tukuna, amma da damina yaron ne ya aiko kuɗin taki.

Ni kuma har yau takardar tana cikin jakata. Nakan ɗauko ta idan na gama rubutu, na tambayi kaina ko abin da na rubuta zai iya amsa tambayoyin Kawu.

Ina jiran gyaranku. Allah ya tsare matafiyanmu.