Kyandir Huɗu a Hamburg

Duhun Disamba a Hamburg sai wanda ya gani. Rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi na safe, kafin huɗu na yamma ta faɗi, in ma ta leƙo ke nan, don galibi hadari ne ke rufe gari. Shekarar da na je Jamus karatu, lokutan salla ne suka fara gaya mini na yi nisa da gida: ka idar da Azahar, kafin ka gama cin abinci La'asar ta yi, ka ɗan juya Magariba ta kawo kai. Jikina ya mutu, kullum kasala.

A gidan wata dattijuwa na kama ɗaki. Wata Lahadi a ƙarshen Nuwamba ta ɗora wani gammo na ɗanyun rassa a kan teburi, da jajayen kyandir huɗu masu kauri a kafe a jikinsa. Ta kashe lantarki, ta ƙyasta ashana, ta kunna guda ɗaya tak. Ƙamshin ɗanyen ganye ya cika ɗakin.

Na ce, "Mama, sauran ukun fa?"

Ta ce, "Ɗana, lokacinsu bai yi ba."

Adbent ke nan, Lahadi huɗun da Kirista ke yi suna jiran ranar haihuwar Almasihu, kuma da shi sabuwar shekarar coci ke farawa. Kowace Lahadi a ƙara kyandir ɗaya. Ta faɗa mini, tana alfahari, cewa a garinsu abin ya samo asali. A 1839 wani malamin addini, Johann Hinrich Wichern, mai riƙon yaran talakawa a gidan Rauhes Haus, ya ga yaran sun dame shi da tambayar yaushe Kirsimeti za ta zo. Sai ya samo ƙafar keken doki ya jera mata kyandir, ƙanana jajaye na ranakun mako, manya farare na Lahadi, domin su riƙa ƙirgawa da idonsu.

Na zaga kasuwar Kirsimeti ta gaban majalisar birni, da fitilunta da hayaniyarta, amma ba ta shiga raina kamar teburin nan ba. Can ciniki ake yi. Matar nan kuwa tana yarinya ta ga hunturun 1946 zuwa 1947, lokacin da rabin garin kufai ne bayan yaƙi, ba gawayin ɗumama ɗaki, ba abinci, mutane na mutuwa da sanyi. Wadda ta ga wannan ta san darajar kyandir ɗaya, shi ya sa ba ta gaggawar na biyu. Duhu na ƙaruwa a waje, ita tana ƙara haske a ciki, mako bayan mako. Ni Musulmi ne, amma na gane wannan jiran, irin namu ne na goman ƙarshe na azumi.

Ranar 4 ga Disamba ta yanko rassan ceri marasa ganye ta tsoma a ruwa, ta ce al'adar ranar Waliyiya Barbara ce, za su yi fure kafin Kirsimeti. Suka kuwa yi. A ranar ne kuma ta dube ni ta ce na rame, ta kafa mini doka: kullum da tsakar rana, ko ana ruwa, in saka babbar riga in je in zaga bakin tafkin Alster kafin haske ya tafi. Haka na riƙa yi har Maris.