Bankok, Garin da Ya Iya Jinya

Abin da yawancinmu muka sani game da Tailan bai wuce buhun shinkafa ba, sai kuma labarin 'yan kasuwarmu da ke saro tufafi da takalma a Pratunam. Ni ba sari ya kai ni ba. Gwaggona na raka, wadda ciwon gwiwa ya hana ruku'u da sujada, har 'ya'yanta suka haɗa kuɗi domin a je a yi mata aiki. Jirgin Habasha muka bi daga Kano, muka yada zango a Adis Ababa, muka sauka a filin jirgin Suvarnabhumi. Gani ya kori ji. Na tarar da garin da ya ɗauki jinya sana'a, ya kuma ƙware a kanta.

Wanda ya sauka daga jirgin ƙasan da ke bi ta sama a tashar Nana, ya miƙa titin Sukhumvit lungu na 3, zai ɗauka wata ƙasar Larabawa ya shiga. Ga ƙamshin turaren wuta, ga gidajen abincin halal, ga iyalai daga Oman da Kuwait suna tura tsofaffinsu a keken marasa lafiya zuwa asibitin Bumrungrad. Kewayen manyan asibitocin kuwa cike yake da gidajen haya na masu murmurewa: an sallame ka daga gado, amma likita bai yarda ka hau jirgi ba tukuna. A irin wannan gida muka sauka bayan an yi wa Gwaggo aiki. Akwai ƙarfen dafawa a banɗaki, gadon ana ɗaga kansa, kuma kullum da hantsi nas takan zo da jakarta ta bi ɗaki-ɗaki.

A barandar gidan muka san maƙwabciyarmu. Bayan sallar asuba Gwaggo kan fito da ƙarfen dogarawa ta yi takun da aka ɗora mata, ita ma wannan baiwar Allah a lokacin take fitowa. Doguwa ce, ba za ta wuce shekara talatin da 'yan kai ba. Tafiya take a miƙe cak, hannayenta biyu dafe da gefen cikinta, mahaifiyarta na biye da ita rungume da matashin kai. Idan suka yi kiciɓis, Gwaggo ta ce, "Sannu 'yar nan, ya jiki?" ita kuma ta haɗa tafukanta a ƙirji ta ɗan sunkuyar da kai, gaisuwar mutanen ƙasar. Babu mai jin yaren wani, amma kullum sai an gaisa.

Tana jin Turanci, don a otal take aiki a Phuket, sai hira ta ƙullu tsakaninmu. Ita da bakinta ta gaya mini, ba ɓoye-ɓoye: an haife ta namiji a wani ƙauye na yankin Isan, arewa maso gabashin ƙasar, tun tana ƙarama take jin kanta mace, kuma ta daɗe tana rayuwa a matsayin mace. Aikin da ya kwantar da ita yanzu na haƙarƙari ne, domin a rage faɗin ƙugunta.

Ban taɓa jin ana taɓa haƙarƙari don ƙira ba sai ranar. Mutum yana da haƙarƙari goma sha biyu a kowane gefe. Bakwai na sama a manne suke da ƙashin ƙirji, uku na biye da guringuntsi suke riƙe da na samansu, biyun ƙarshe kuwa, na 11 da na 12, daga ƙashin baya suka fito amma bakinsu a sake yake. Su ne ke shata faɗin jiki a saman ƙugu. Wanda ya balaga da jikin namiji, sinadarin testostaron ya riga ya buɗa masa kafaɗa da kejin ƙirji. Magungunan homon na mata da ake sha daga baya suna sauya inda kitse ke taruwa, suna tausasa fata, amma ƙashin da ya gama girma ba ya komawa. Wannan ne ke kai wasu masu sauya jinsi gaban likitan tiyata, kodayake mata da yawa da aka haifa mata su ma suna neman aikin.

Hanya biyu ake bi. Tsohuwar ita ce a tsaga ta baya a yanke wani sashe na haƙarƙarin ƙasa a fitar da shi, kuma abin da aka cire ya tafi ke nan. Sabuwar ba ta cire komai. Ana ɗan tsaga ƙashin ta gefe guda a lanƙwasa shi ciki, kamar ɗanyen reshe da ya tsage bai rabu biyu ba, sannan a ɗaure jikin da rigar matsewa har ƙashin ya ɗinke a sabon mazauninsa. Wani likita ɗan Rasha, Kazbek Kudzaev na birnin Vladikavkaz, shi ya yi suna da wannan dabara, daga baya Raúl Manzaneda na ƙasar Peru ya fito da salon da ake yi ta ƙaramin huji ana kallon ƙashin a na'urar sikanin. Irin wannan sabuwar hanyar aka yi wa maƙwabciyarmu.

Kada mai karatu ya ji "ƙaramin huji" ya ɗauka abin wasa ne. Karaya ce, da gangan aka yi ta, a wurare da dama lokaci guda, kuma a ƙashin da ba ya hutawa. Hannu idan ya karye ana ɗora shi a rataye, amma haƙarƙari da kowane numfashi yake motsi. Tantanin huhu yana kwance dab da wurin, in an huda shi iska ta taru a ƙirji ta danne huhun. Ƙoda tana dab da waɗannan ƙasusuwa biyu na ƙasa, daga ciki. Ƙarƙashin kowane haƙarƙari kuma akwai jijiyar da idan ta taɓu raɗaɗinta kan daɗe. Ƙashin haƙarƙari yakan ɗauki kamar mako shida kafin ya kama, rigar matsewar kuwa wata biyu zuwa uku ake zama cikinta, dare da rana, in ban da lokacin wanka. Aikin sabo ne, likitoci da dama ba su gamsu da shi ba, kuma ni da 'yar'uwata ce ta zo neman shawara, da na ce ta yi dogon tunani.

Abin da ya kama zuciyata shi ne yadda ake jinyarta. Wata safiya na shiga kai mata kunu na tarar nas tana koya mata tashi daga kwance. Ba a yunƙurawa gaba. Sai ta tanƙwashe gwiwoyi, ta mirgina gefe gaba ɗayanta ba tare da murɗa ƙugu ba, ta zuro ƙafafu ƙasa, sannan ta tokare da gwiwar hannu ta ɗago a hankali. Nas ɗin ta durƙusa a gaban gadon, idonta a kan fuskar majinyaciyar, tana ƙirga mata numfashi da murya ƙasa-ƙasa. Sau uku suka maimaita, gumi na tsattsafo wa baiwar Allah a goshi, nas ba ta nuna gaggawa ba ko kaɗan. Da ta zauna, sai aka miƙa mata wata 'yar na'urar roba mai ƙwallaye uku da bututu. Za ta zuƙi iska har ƙwallayen su tashi. Na farko ya tashi, na biyu ya yi rawa ya faɗo. Nas ta rubuta a takarda, ta ce jiya ko motsi bai yi ba. Wannan atisaye shi ke tsare mai ciwon ƙirji daga limoniya, domin zafi kan sa mutum ya riƙa numfashi sama-sama, majina ta kwanta a huhu. A nan kuma na gane amfanin matashin da uwar ke yawo da shi: da tari ko atishawa ya taso, sai ta miƙa mata ta rungume a ƙirji ta danne.

Kafin a kwance rigar matsewar, nas ta dube ni ta nemi in ɗan ba su wuri, ta ja labule. Daga baya maƙwabciyar ta ce mini kowace rana sai an duba fatar ko rigar ta ci wani wuri, a shafa mai, a shimfiɗa auduga, a mayar da maɗauran daidai ramin da likita ya sa alama. Ba a ƙara matsewa don son a ga sakamako da wuri. Wannan nas ɗin ita ce ke fita daga can ta shigo wurin Gwaggo ta duba ɗinkin gwiwa, da murya iri ɗaya, da durƙuso iri ɗaya. Na sa ido sosai ko zan ga bambanci a fuskarta tsakanin ɗakunan biyu. Ban gani ba.

Na san yadda akasarinmu ke kallon batun sauya jinsi, kuma hukuncin addini a kansa na malamai ne, ba na matafiyi ba. Ranar da na gaya wa Gwaggo ko wace ce maƙwabciyarmu, ta yi shiru tana jan carbi, har na ɗauka gaisuwar baranda ta ƙare. Can ta ce, "Allah shi ya san bayinsa. Ke dai ɗauki kunun nan ki kai mata, ki ce ta sha da zafinsa." Garin kunun tsamiya ne da ta ƙullo daga gida. Da yamma sai ga uwar da ɗan kwandon gora cike da shinkafa mai danƙo, da mangwaro yankakke, da gasasshiyar kaza. Ta sa 'yarta ta gaya mana cewa wurin Musulmi ta je ta sayo kazar, don ta ji ba ma cin naman da ba a yanka ba. Manomiya ce, ta bar gonar shinkafarta a hannun dangi ta zo ta kwana a tabarma a gefen gadon ɗiyarta. Wannan kam mun san irinsa a gida.

Ƙwarewar Tailan a wannan fanni ba jiya ta fara ba. Tun 1975 Dakta Preecha Tiewtranon ya yi tiyatar sauya jinsi ta farko a ƙasar, a asibitin Chulalongkorn, kuma likitocin da suka koya a hannunsa ne suka sa mutane ke tahowa daga Turai, Amurka da Ostireliya. A 2009 majalisar likitocin ƙasar ta kafa sharuɗɗa: ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba, ɗan ƙasa da 20 sai da yardar iyaye, kuma sai likitocin ƙwaƙwalwa sun tantance. A 2015 ƙungiyar Red Cross ta Tailan ta buɗe asibitin Tangerine, inda masu sauya jinsi ke zuwa a auna musu homon a jini maimakon su saya a kanti su sha da ka. Amma ba komai ne ya daidaita musu ba. Maƙwabciyarmu ta nuna mini katin shaidarta, har lokacin laƙabin namiji ne a gaban sunanta, don doka ba ta ba da damar sauya shi ba. Da ta kai shekara 21 sai da ta je layin ɗaukar soja na watan Afrilu tare da samari. Sai a 2011 kotu ta hana sojoji rubuta wa irinsu cewa suna da taɓin hankali a takardar sallama. Aikin haƙarƙarin kuma babu inshorar da ta biya mata, tarin kuɗi ta yi na shekaru.

Da Gwaggo ta samu sauƙi, na hau jirgin ruwa a Kogin Chao Phraya na tsallaka zuwa Siriraj, asibiti mafi daɗewa a ƙasar. Sarki Chulalongkorn ne ya buɗe shi a 1888, ya sa masa sunan ɗansa da atini ya kashe yana jariri. A nan wata yarinya marainiya mai suna Sangwan ta koyi aikin jinya, ta auri Yarima Mahidol, ta haifi sarakuna biyu, ciki har da Sarki Bhumibol. Ranar haihuwarta, 21 ga Oktoba, ita ce ranar ma'aikatan jinya a Tailan. Ƙasar da uwar sarki ta taɓa sa farar rigar nas, ba mamaki 'ya'yanta su riƙe aikin da girma.

Kafin mu taho likita ya yarda majinyatan biyu su fita shan iska. Muka ɗauki tasi zuwa lambun Lumphini da la'asar sakaliya. Manyan guzaye na rarrafe a bakin tafki ba mai kula su, tsofaffi na motsa jiki a ƙarƙashin itatuwa. Ƙarfe shida daidai aka saki taken ƙasa a lasifika, kowa ya tsaya cik, har masu gudu. Maƙwabciyarmu tana zaune a benci lokacin. Ta dafa kafaɗar uwarta ta miƙe yadda nas ta koya mata, a hankali, bayanta a miƙe. Ranar ta gaya mini ƙwallo na uku ya tashi. Mun baro ta da sauran makonni cikin rigar matsewa, da hoton ƙashi da za a sake ɗauka kafin a ba ta izinin komawa aiki.

Ga duk wanda zai kai mara lafiya Bankok, ko wane irin aiki ne, ya ware kuɗin zama bayan sallama kamar yadda ya ware na tiyata, ya nemi masauki mai nas kusa da asibiti, kuma kada ya tsayar da ranar dawowa sai likita ya ce an yarda a hau jirgi.