ASIRIN ALJIHU A HANNUN BAƘO

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana masu karatu a kan wani abu da ya dame ni.

Ni akawu ne, shekarata goma sha biyu ina riƙe da littafin albashi. Abin da aka fara koya mana a aiki shi ne, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da mutum ya ke samu, da bashin da a ke binsa, a kan kulle su cikin kabad, mabuɗi kuwa wajen mutum guda. To, yau wannan asiri muna miƙa shi da hannunmu ga kamfanonin biyan kuɗi ta intanet, alhali ba mu taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikin ma'aikatansu ba.

Ban ce a guje su ba. A farkon 2023, sa'ad da aka sake takardun naira har kuɗi suka yi wuyar samu, da su muka sayi hatsi. Amma fa a san abin da a ke bayarwa. Lambar asusu mai alƙaluma 10 kamar ƙofar gida ce, ba laifi ka nuna wa mai kawo maka kuɗi. Lambar BVN kuwa, wadda Babban Bankin Nijeriya ya kawo a 2014, alƙaluma 11 ce, tana haɗe da sunanka, da ranar haihuwarka, da hotonka, da zanen yatsunka. Ɓarawo in ya sami waɗannan, sai ya buga maka waya ya ce daga banki ya ke, ya karanta maka su, ka sakankance. Nan ne zai nemi lambar sirri ta kati, ko alƙaluma ukun bayansa, ko lambar da a kan aiko ta waya lokacin biya. Waɗannan su ne mabuɗin, banki kuwa ba ya tambayarsu daɗai.

Akwai kuma tonon asiri, wanda ya fi asara ciwo. Masinjan ofishinmu ya ci bashi ta wata manhaja, ya makara kwana biyar. Da ma sun kwashe lambobin da ke cikin wayarsa, sai suka aika wa surukinsa da mu duka cewa wai shi mazambaci ne. Kuɗin ya biya, amma har yanzu ya kan sunkuyar da kai in ya shigo.

Hukuma ta motsa. A 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane, aka kuma kafa hukumar da za a kai wa kuka. Dokar ta ba mutum ikon ya tambayi kamfani abin da ya ajiye game da shi, har ya nemi a shafe. Sai dai talaka nawa ne suka ji labarinta?

Saboda haka ina roƙon hukuma ta sa a fassara wannan doka da Hausa, a karanta ta a rediyo. Ku kuma 'yan'uwa, duk manhajar da ta nemi ganin lambobin wayarku da hotunanku, ku tambayi kanku me ya haɗa su da biyan kuɗi kafin ku danna.

Haza wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Sabon Gari, Zariya.