Da Can Kowace Cuta da Watanta

A ƙauyenmu na ƙasar Ringim, muna yara, cuta ma ta san lokacinta. Sauro ɗan damina ne. Marka na kankama, kududdufai su cika, kafin a fara gasa tumu zazzaɓi ya soma kwantar da mu ɗaya bayan ɗaya. Goggo ba ta jiran kowa. Ta dafa ganyen darbejiya da na gwaba, ta lulluɓe mai zazzaɓin da bargo a kan tukunya, ta ce, "Sunkuya, ɗan nan, ba ka fitowa sai ka yi gumi." Hunturu na busowa kududdufi ya ƙafe, a naɗe gidan sauro a adana sai baɗi.

Bazara kuwa ta sanƙarau ce. Busasshiyar iska da ƙura kan raunata hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar ta sami hanyar shiga jini. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000. Ina tuna mai shela yana zagaya gari da dare yana cewa kada a cunkushe a ɗaki, kowa ya kwana a tsakar gida. Mu yara murna muka yi, ga tatsuniya ga farin wata. Manya kuwa idonsu na gabas, don sun san ruwan farko ne ke kashe kaifin annobar.

Wannan lissafin ne ya rikice. Ruwa kan yi jinkiri, in ya tashi zuwa ya zubo a 'yan kwanaki kamar da bakin ƙwarya. A 2022 ambaliya ta ci gonaki da gidaje a Jigawa, ruwa ya kwanta har bayan kaka. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle a kan Maiduguri, masai ya haɗu da rijiya, amai da gudawa suka biyo baya. Ɗumi kuma na hanzarta ƙyanƙyasar sauro da nunar ƙwayar zazzaɓi a cikinsa, ko da yake in zafi ya wuce kima shi ma sauron ba ya kai labari.

Ba komai zan ɗora wa sauyin yanayi ba. Kwatamin da muka toshe da leda namu ne, noman rani ma ya ba sauro wurin kwana. Sannan a 2020 an gano wani baƙon sauro ɗan asalin Asiya a Gombe, wanda ke hayayyafa a tankin ruwa da durom, rani bai dame shi ba.

Ƙanwata da ke aure a Kano tana karɓar wa yaranta maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 a watannin damina. Rabon kan ƙare wajen Oktoba, amma har cikin Disamba tana kai ƙaraminsu kemis a yi masa gwajin jini.