Shamuwa da ƙaramin jirgi a sararin Gaya

Mutumin Gaya ya san hatsarin hanya. Ya san abin da kan faru idan babbar mota ta taso daga Kwatanu da kaya, ta haye gadar Malanbil, ta ci karo da saniya cikin dare a hanyar Dosso. Abin da bai cika tunawa ba shi ne irin wannan karon yana faruwa a sama, kuma a can ba gefen hanyar da direba zai raɓa ya tsaya.

Allah ya hore wa Gaya ruwa. Tana cikin yankunan da suka fi samun damina a Nijar, ga kogin Kwara, ga fadamun shinkafa, ga Dallol Mawuri. Tun 2001 aka sa dausayin wannan ɓangare na kogin cikin jerin Ramsar, wato wuraren da duniya ta yarda a kiyaye saboda tsuntsayen ruwa. Dinya da balbela da shirwa da jan-baki duk nan ne gidansu. Ita kuwa shamuwa baƙuwar daraja ce: in ta sauka, manomi ya gyara hauyarsa, kuma yaro ba ya jifarta. Cikin wannan sararin ne ƙaramin jirgi zai ratsa in zai sauka a ɗan filin jirgin garin, ko ya ɗauko marar lafiya, ko ya zo feshin fara.

Mai karatu zai ce, me tsuntsu zai yi wa ƙarfe? Lissafi ne ke ba da amsa. Tsuntsu mai nauyin kilo 1, in ya haɗu da jirgin da ke gudun kilomita 200 a awa, bugunsa daidai yake da buhun siminti na kilo 50 da ya faɗo daga tsayin mita 3. In gudun ya ninka biyu, bugun ya ninka huɗu. Ƙaramin jirgi kuwa sau da yawa injinsa ɗaya ne, matuƙinsa ɗaya, gilashin gabansa na roba. Kuma mafi yawan karon yana aukuwa ne kusa da ƙasa, lokacin tashi ko sauka.

Tarihi ya shaida. A 1912 tsuntsun teku ya maƙale a wayoyin jirgin Cal Rodgers a gaɓar Kalifoniya ta Amurka, ya faɗa ruwa ya mutu. A watan Satumba na 1988, taron hasbiyoyi ya shige injunan jirgin Habasha a Bahir Dar, mutum 35 suka rasa rayukansu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A 1973 wani jirgi ya bugi maiki a saman Abijan, a tsayin mita 11,300. Na ƙasa ma ba a bar su a baya ba: a watan Yuli na 2005 jirgin Air France ya sauka cikin garken shanu a Fatakwal, Allah ya kiyaye ba a yi asarar rai ba.

To, ina mafita? Ba bindiga ba ce, domin wanda ya kashe tsuntsu ya bar abin da ya jawo shi, gobe wani zai zo. Shirwa da ungulu juji da mahauta suke bi, balbela kuma bayan shanu take. Saboda haka aikin na ƙasa ne: a nisanta bola da kwata daga filin, a cike kududdufai, a kewaye shi da waya, a nemo wa makiyayi burtalin da bai ratsa shi ba, a kuma sa mai gadi ya zagaya kafin kowace sauka.

Wannan nauyi yana kan magajin gari da ma'aikatansa, yana kuma kan ɗan kasuwar da ke neman fili ya kafa sito ko turke. Mai sa hannu a takardar fili ya tuna cewa wata rana mai naƙudar da ake jiran jirgi ya ɗauka tana iya zama ɗiyarsa. Shamuwa ta riga jirgi zuwa Gaya, kuma ba ta karanta doka. Mai hankali shi ake tambaya.