Wasiƙa daga Sheffield: Gidan da Ake Jinyar Ɓeraye

Sheffield gari ne na tuddai da yayyafi a arewacin Ingila, inda rana kan faɗi tun kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba.

Wannan labarin na wani ɗalibi ne ɗan Zariya da ya zo karatun digiri na biyu, ya kama hayar ɗaki a gidan wata dattijuwa, nas ce da ta yi ritaya. Ranar da ya iso da akwatinsa ta zaga da shi gidan: ga kicin, ga banɗaki, ga inda ake kunna na'urar ɗumama ɗaki. Sai ta tura ƙofar falo ta ce ya zo su gaisa da 'yan matanta. Ya gyara tsayuwa, ya shirya rusunawa. Abin da ya tarar keji ne na ƙarfe da ya kusa kai masa kafaɗa, an rataya tsummokara masu laushi a ciki kamar lilo. Daga cikin ɗaya kawuna huɗu suka leƙo suna karkaɗa gashin baki. Ɓeraye.

Da dare ya kira gida.

"Umma, matar nan fa ɓeraye take kiwo."

"Kiwo kamar yaya, ɗan nan? Ci suke yi?"

"A'a, Umma. Abinci take saya musu. Har likita gare su."

Uwar ta yi salati, ta ce ya riƙa rufe kwanonsa, kuma ya nemi wani gidan kafin wata ya mutu.

Ba a ga laifinta ba. Wanda ya tashi yana ganin ɓera na huda buhu yana fasa rumbu ba zai yi masa kallon ɗan ɗaki ba. Zazzaɓin Lassa, da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci. Ko a zauren karatu an koya wa yaron cewa ɓera na cikin halittu biyar da aka halatta kashewa har ga mai harami. Sai dai wanda ke ɗauke da cutar Lassa jinsinsa daban ne, masana na kiransa Mastomys natalensis. Na cikin kejin kuwa jikokin ɓeran kwatamin Turai ne, Rattus norvegicus, da aka shafe fiye da shekara ɗari ana haifarsu a hannun mutane har suka yi laushin hali.

Asalin abin ma ba daga ƙauna ya faro ba. A Landan ta ƙarni na 19 akwai mashaya da ake zuba ɓeraye a wani fili da aka kewaye, a saki kare, 'yan caca su sa kuɗi a kan yawan da zai kashe. An rubuta cewa a 1823 wani kare mai suna Billy ya gama da ɗari cikin minti biyar da rabi. Masu kamo ɓerayen, irin su Jack Black da ke kiran kansa mai kama wa Sarauniya Victoria ɓera, idan suka ci karo da fari ko mai dabbare-dabbare sai su ware shi, su haɗa shi da wani, su sayar wa matan masu hali. A 1901 wata mata, Mary Douglas, ta kai nata baje kolin dabbobi a Aylesbury, ya zo na ɗaya. Ƙungiyar masu kiwonsu ta ƙasa, National Fancy Rat Society, an kafa ta a 1976, har yau tana shirya gasa, alƙalai na duba gashi da kunne da tsawon jela kamar yadda ake taya rago a kara.

Ba ko'ina ake lamuntar wannan ba. A lardin Alberta na Kanada, inda ake yaƙi da ɓera tun 1950, ajiye shi a gida laifi ne.

Ɗalibin bai tashi ba, don ɗaki kusa da jami'a wuyar samu gare shi. Mako biyu yana ratsa falon bai kalli kejin ba. Amma ɓerayen suna da lokacin fita, awa guda kowace yamma, kuma wata rana yana zaune da kwamfutarsa wata mai ruwan toka ta hau kujerar, ta shinshina yatsansa, ta sace masa gyaɗa ɗaya ta gudu. Ya ce a ransa, hali dai zanen dutse. Sunayen Turanci da matar ta raɗa musu ba su zauna masa ba, sai ya sa nasa: mai satar gyaɗar ta zama Toka, babbar cikinsu mai tafiyar ƙasaita ta zama Goggo.

A hankali ya fahimci dalilin da ya sa suke huɗu. Ɓera ba ya zama shi kaɗai. Idan aka ware shi sai ya rame, ya daina wasa. Dokar kula da dabbobi ta 2006 a Ingila ta ɗora wa mai dabba nauyin biya mata buƙatu biyar, ciki har da zama da 'yan'uwanta idan jinsinta mai son zama tare ne. Matar ta ba shi labarin gwajin da aka wallafa a 2011 daga Jami'ar Chicago, inda ɓera ya koyi buɗe wa ɗan'uwansa ƙofar wani ƙaramin kurkuku, har ya rage masa cakulan. Ta kuma ambaci Jaak Panksepp, masanin da ya gano cewa idan aka yi wa ɓera cakulkuli yakan yi wata ƙara mai kama da dariya, wadda kunnen mutum ba ya iya ji sai da na'ura. Ɗalibin dai da idonsa ya ga abu ɗaya: idan Goggo ta ji daɗin susa sai ta riƙa goga haƙoranta, idanunta na ɓullowa suna komawa. Ranar farko ya ɗauka farfaɗiya ce.

Abin da ba a faɗa wa mai sha'awa a shagon dabbobi shi ne, kiwon ɓera rabinsa jinya ne. Shekara biyu yake yi a duniya, in ya daɗe uku. Daga wata goma sha takwas tsufa ya kama shi, kuma cututtukansa sanannu ne, kamar an rubuta masa su tun haihuwa.

Na farko ciwon ƙirji. Kusan kowane ɓeran gida na ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira Mycoplasma pulmonis tun yana jariri. Tana kwance, sai sanyi ko damuwa ko warin fitsari a keji ya tashe ta. Shi ya sa matar ba ta wasa da wanke keji, ba ta kuma shimfiɗa musu garin katako mai ƙamshi ko ƙura. Kowace safiya takan ɗauki kowace ɗaya ta kara a kunnenta, kamar mai amsa waya, tana sauraron huhu. Da Goggo ta fara atishawa, wani jan abu ya taru mata a hanci da gefen ido, ɗalibin ya ce jini ne. Matar ta ce a'a, wani ruwa ne da ke fitowa daga bayan idon ɓera, jan launi gare shi, kuma yawansa alama ce cewa jiki ba daɗi.

Suka tafi asibitin dabbobi, shi ne ya riƙe akwatin a bas. A nan ya ga abin da ya fi kejin ba shi mamaki. Mutum a Birtaniya yana ganin likita kyauta a ƙarƙashin hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, dabba kuwa sai da kuɗi, kuma kuɗin ganin likita sau ɗaya ya ninka kuɗin da aka sayi ɓeran. Aka ɗora Goggo a sikeli, aka lissafa mata magani gwargwadon nauyinta: doxycycline da enrofloxacin na kashe ƙwayar cuta, meloxicam na rage zafi. Ɗigo-ɗigo ne, da sirinji marar allura. Goggo ta ƙi sha. Sai aka koma dabara, a kwaɓa shi cikin yogot ko abincin jarirai a miƙa mata a cokali, safe da yamma, makonni. Sauƙi ɗaya a nan, ɓera ba ya iya amai, abin da ya shiga ya shiga.

Na biyu ƙari. Matan ɓeraye na yawan yin ƙari a mama, kuma da yake naman maman nasu ya shimfiɗu tun daga hammata har cinya, ƙullutun kan fito a inda ba a zata ba. Yawancinsa ba mai yaɗuwa ba ne, amma yana girma da sauri, daga ƙwayar wake ya kai ƙwan kaza, har dabbar ta kasa tafiya. An yi wa Toka tiyata a wata na ashirin. Kuɗin ya haura fam ɗari nesa ba kusa ba. Ɗalibin ya juya shi zuwa naira a wayarsa, ya mayar da wayar aljihu bai ce komai ba. A ganin mai wannan wasiƙa, shirun nasa ya fi kowace magana dacewa: kuɗin matar ne, fanshonta ne, ba ta shan taba ba ta zuwa hutu Sifen, kuma tun ranar da ta sayo su ta buɗe asusu daban domin wannan rana. Amma ba za a hana ɗan Zariya tuna mutanen da ya bari a layin asibiti suna lissafin kuɗin allura ba.

Akwai kuma hatsari ga mai kiwon kansa, kada a ɗauka abin duk wasa ne. A 2017 an samu ɓullar cutar Seoul, wani nau'in hantabairos, a tsakanin masu kiwon ɓeraye a jihohin Wisconsin da Illinois na Amurka. Matar, da yake nas ce, ba ta taɓa tashi daga keji ba tare da ta wanke hannu da sabulu ba, kuma ta hana ɓerayen shiga kicin. Wannan ne kaɗai labarin da ya ɗan kwantar wa Umma hankali.

A ɗakin jira na asibitin ne ɗalibin ya ci karo da abin dariya. Wani mutum da ke riƙe da zomo, da ya ji daga Afirka yake, ya tambaye shi ko ya san Magawa. Ashe gafiya ce, an horar da ita a Morogoro ta Tanzaniya a hannun ƙungiyar APOPO, aka kai ta Kambodiya tana shinshino nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi. A 2020 ƙungiyar PDSA ta Birtaniya ta rataya mata lambar zinariya, kuma da ta mutu a Janairun 2022 tana da shekara takwas, manyan jaridu sun ba da labarin. Gafiya dai, irin wadda yara ke turnuƙe wa rami da hayaƙi a bayan gari. Ɗalibin ya ce da zai faɗa wa abokan farautarsa na ƙuruciya, cewa za su yi sanyi ya taɓa shi.

Goggo ta warke daga ciwon ƙirjin sau biyu. A karo na uku abin ya zo da wani salo: ta kasa riƙe abinci da hannayenta, tana tuntuɓe, tana dungurar bangon keji da kai. Likita ya ce ƙari ne a ƙasan ƙwaƙwalwa, wanda shi ma ya fi kama mata. Akwai magani mai suna cabergoline da kan saya wa wasu 'yan watanni. Ita makonni ya ba ta. Matar ta sauke komai na kejin zuwa ƙasa don kada ta faɗo, tana dama mata abinci ruwa-ruwa, tana goge mata jiki da tsumma mai ɗumi. Da dare sauran ukun kan kwanta a jikinta.

Ranar da ta daina haɗiya, matar ta kira asibiti. Turawa ba sa cewa kashewa, cewa suke a kwantar da ita barci: a shaƙa mata iskar sa barci, sannan allura. Ɗalibin ya raka ta har ƙofa amma bai shiga ba. Zuciyarsa ba ta natsu da abin ba, bai kuma ga hurumin yi wa matar wa'azi tana hawaye ba. A wajen biyan kuɗi an miƙa mata takarda mai lambar wayar Blue Cross, ƙungiyar da ke da masu sauraron waɗanda dabbarsu ta mutu. Ta ninke ta ta sa a jaka. Ta ce abokan aikinta na dā ma dariya suka yi mata lokacin da ta yi kukan mutuwar ta farko cikin ɓerayenta, wai ai ɓera ne.

Da suka dawo gida ba ta wuce lambu kai tsaye ba. Ta kwance tsumman, ta ajiye gawar a cikin keji. Ta ce in ba su gani ba, kwanaki za su yi suna nemanta. Toka ta zo ta shinshina, ta lashi kunnenta, ta tura ta da hanci, sannan ta koma lilo. Bayan kamar minti goma aka ɗauke ta. An binne Goggo a cikin babbar tukunyar fure a bayan gida, kusa da wasu tukwane bakwai. Matar ta ce a tukunya take binne su don in ta sauya gida ta tafi da su. Shi ya haƙa, da ɗan cokalin lambu.

Kafin ya kammala karatunsa biyu sun bi bayanta, saura Toka kaɗai, da tabon tiyata a gefen ciki, ta daina fitowa ko an buɗe ƙofa. Matar ta sha cewa daga waɗannan ta gama, ba za ta iya wani binnewar ba. Amma barin tsohuwa ita kaɗai a keji ba ya yiwuwa, don haka wata Asabar suka hau jirgin ƙasa zuwa Leeds, suka dawo da 'yan mako takwas guda biyu a akwati. An fara haɗa su da Toka a ƙaramin wuri don kada faɗa ya kaure. Ta danne ɗaya da ƙafa, ta wanke mata kai da ƙarfi, ta kwanta.

Da ya kira gida a daren, Umma ta tambayi karatu, ta tambayi sanyi. Har za ta ajiye waya sai ta ce, "Ita mai satar gyaɗar fa, tana cin abinci?"